Na Je Maleshiya Na Ga Masu Gina Wa Tsattsewa Bene

Sana'ata kiwon kaji masu ƙwai, a wata 'yar gona da ke kan hanyar Gwarzo in an fita Kano. Duk wanda ya taɓa wannan harka ya san inda kuɗin ke tafiya: cikin kaza. Masara ta hau, waken suya ya hau, kai kuma ba ka isa ka ce wa kaza ta ɗauki azumi ba. Shi ya sa ranar da ƙanena, wanda ke karatu a Jami'ar Putra ta Maleshiya, ya ce min a waya akwai wani kiwo a can da ba a sayen abinci ko tiya guda, ba allura, ba sayen 'yan tsaki, kuma da giram ake auna amfaninsa kamar zinariya, sai na fashe da dariya. Na ce masa boko ya fara taɓa shi. Ya ce, "Yaya, kai dai ka zo bikin yaye mu, zan kai ka ka gani da idonka."

Biza da katin rigakafin shawara suka ci min zuwa Abuja sau biyu. Daga Kano muka tashi ta Addis Ababa, muka yi zaman jira har na gaji da ƙirga masu wucewa, sannan aka ɗauki doguwar hanya ta gabas. Hajiyarmu ta haɗa min ƙunshin kuka da yaji da daddawa in kai wa autanta. Kilishi kuwa ƙanena ya riga ya gargaɗe ni kada in soma ɗauko nama. A filin jirgin sama na Kuala Lumpur an ɗauki hoton yatsuna, an nemi tikitin komawa da takardar gayyata, duk na nuna. Wajen duba kaya ne jami'in ya kwance ledar daddawa, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa. Na ce musu kayan miya ne. Suka kalli juna, suka ɗaure min kayana da sauri, suka ce in wuce. Ku riƙe wannan maganar daddawa, za ta dawo.

Abin da ya fara marabtata a waje iska ce. Mu mun san zafi, amma namu busasshe ne, ka yi gumi ya bushe. Nasu kamar an jiƙa bargo da ruwan ɗumi an lulluɓa maka. Ga bambancin awa 7 tsakaninmu da su, na kwana biyu ina barcin rana ina zaman dare kamar maigadi. An yi biki lafiya, an ɗauki hotuna, an tura wa Hajiya.

Kwana uku bayan biki muka kama hanya. Wanda ya ɗauke mu abokin karatun ƙanena ne, Basine haifaffen garin Sitiawan a jihar Perak, kuma kawunsa ne mai gidan tsuntsayen da za a kai ni in gani. Yaro mai ladabi, "Abang" yake ce min, wato Yaya da harshen Malay. Bayan sallar asuba muka shiga 'yar motarsa Myvi, ni a gaba. Da yake ta hagu suke tuƙi, wurin da na zauna nan ne mazaunin direba a wajenmu, sai na yi ta taka birkin da babu shi har ƙanena ya ce in koma baya in huta. Ya zaɓi tsohuwar hanyar gaɓar teku, wadda ta bi ta Kuala Selangor, don in ga ƙasa.

Na ga ƙasa kuwa, kuma rabinta kwakwar manja ce. Layi-layi, iya ganinka. Wannan itaciya asalinta daga Afirka ta Yamma take, kuma sai a 1917 aka fara shuka ta a matsayin gonar kasuwanci a can, a cikin wannan jiha ta Selangor da muke ratsawa. Yau mu ne ke sayen manja a hannunsu. Na yi shiru a bayan mota ina ta wannan lissafi, ban ce wa kowa komai ba.

A Sekinchan kwakwa ta ƙare, shinkafa ta fara, shimfiɗe kamar Kadawa da damina, sai dai magudanan ruwansu a miƙe suke kamar an ja da zare. Can tsakiyar gonaki na hangi wasu gine-gine, bene hawa uku ko huɗu, siminti tsirara, babu taga ko ɗaya, sai 'yan ƙananan ramuka a jikin bango da wani ɗan ɗaki a ƙolin rufi. Na ɗauka rumbunan ajiyar shinkafa ne. Yaron ya rage gudu ya sauke gilashi. Sai ga ƙara, cir-cir-cir ba ƙaƙƙautawa, kamar an tara tsuntsaye dubu a buhu. Ya ce, "Abang, ba tsuntsu ba ne wannan, lasifika ce. Gidan ne yake kiran masu haya."

Mun karya a wata rumfar Malayawa da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, nasi lemak, da gyaɗa da ƙananan kifi da dafaffen ƙwai, sai shayi mai kumfa. Mu uku ringit 21, wato kuɗin ƙasar. Bayan Sabak Bernam muka tarar da shingen 'yan sanda. Suka duba lasin direba, suka karɓi fasfo ɗinmu suka juya shafin biza, suka maido. Na riga na sa hannu a aljihu bisa sabo, ƙanena ya danne min hannun ya girgiza kai. Muka haye kogin Perak ta wata doguwar gada, kafin azahar muna Sitiawan.

Masauki ɗan ƙaramin otal ne a saman shaguna, ringit 80 kwana guda, da alamar alƙibla a jikin silin. Garin kuwa na Sinawa 'yan ƙabilar Fuchau ne da aka kwaso daga lardin Fujian na ƙasar Sin a 1903 don su yi noman shinkafa, daga baya suka koma roba. Sai da na yi kaffa-kaffa da abinci, don shahararriyar taliyar garin da jar giyar shinkafa ake dafa ta. Wajen Malayawa da Indiyawa Musulmi muka riƙa ci.

Dab da magariba yaron ya ce mu fito titi. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Sama ta yi baƙi da ƙananan tsuntsaye, suna kewaya rufin shaguna, sai ka ga ɗaya ya karkace ya faɗa wani rami kamar an jefa dutse a rijiya. A tsakiyar gari fa. Ƙasa shagon gyaran babur ko na sayar da waya, hawa na biyu da na uku an toshe tagogi da bulo an bar wa tsuntsu. Tsattsewa ce, irin dai wadda muke gani tana shawagi a ƙarƙashin gadoji, sai dai wannan ta fi ƙanƙanta. Malayawa na ce mata walit, 'yan Indonesiya na cewa walet. Ba ta sauka ƙasa, ba ta zama a reshe. A sama take cafke ƙwari, a guje take shan ruwa, in ta gaji sai ta maƙale a bango.

Washegari muka je wajen kawun. Dattijo ne siriri mai gajeren wando da silifa, wanda in ka gan shi a kasuwa sai ka ba shi sadaka. Kowa "Tauke" yake ce masa, wato maigida, ni ma na bi sahu. Gidan tsuntsayensa na cikin gonar kwakwa, bayan shinge da karnuka biyu da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo uku. Ya ce baƙi ba sa shiga, don ɗan 'yar'uwarsa ne kawai ya yarda, kuma kada a ɗaga murya, kada a haska tocila sama sai ya ce.

Da aka rufe ƙofa a bayanmu na daina ganin tafin hannuna. Wari ya fara dukana, warin kashi mai hawa kai, amma ni mai kwana cikin kaji wannan ba baƙona ba ne. Ƙanena ne ya toshe hanci da hula. Ƙasa a jiƙe, iska mai laima, wata na'ura a lungu tana fesa raɓa. Ban da kukan lasifika akwai wani sauti, ƙas-ƙas-ƙas, yana wucewa ta gefen kunnena. Tauke ya ce da wannan suke gani a duhu: suna ƙyasta murya, amon ya bugi bango ya dawo musu, kamar jemage. Sannan ya kunna 'yar fitila ya ɗaga.

An jera katakai a tsaye a jikin silin, an yi musu zane-zane don ƙafar tsuntsu ta samu wurin kamawa. A jikin katakan ga su nan manne, farare, kowace kamar rabin ƙaramin ludayi. Sheƙa. Babu ciyawa a ciki, babu laka, babu tsinke. Yawu ne zalla. Tsuntsun yana zazzago yawunsa zare-zare yana liƙawa, ya bushe ya ƙara wani a kai, har wata guda ko kwana 45 kafin ta kammala. Ƙwai 2 take yi, kwanci ya wuce mako uku, 'ya'yan kuma sai sun haura kwana 40 kafin su tashi. Sai sun tashi Tauke ke sa a kankare sheƙar da wani ɗan ƙarfe mai faɗi, bayan an leƙa da madubi a kan sanda an tabbatar babu kowa a ciki. Ya ce akwai masu gaggawa da ke cirewa tun kafin a yi ƙwai, don ta fi fari ta fi tsada, amma gidan irin waɗannan ba ya cika, tunda 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a gida su ne ke dawowa su yi nasu.

Nan na fahimci abin. Ba kiwon kaji ba ne wannan, ba ma kiwon tantabara ba. Amya ce. Kakanmu a ƙauye yakan saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗaure a kan ɗorawa, ya koma gida ya jira. Bai sayi ƙudan zuma ba, bai ɗaure su ba, kuma in ba su ga dama ba haka amyar za ta shekara ba kowa. Bambancin kawai, amyar Tauke ta ci masa sama da ringit 300,000. Aikinsa duka shi ne ya mai da ginin kogo, don asalin mazaunin tsuntsun kogunan duwatsu ne, irin su Gomantong a Sabah da Niah a Sarawak, inda har yau mutane ke hawa tsanin igiya su cire sheƙa a can ƙololuwa. Dole ciki ya yi duhu, ɗumi ya tsaya wajen digiri 27 zuwa 29, laima ta kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. In ta yi ƙasa sheƙa ta tsage ta faɗo, in ta yi yawa katako ya yi fumfuna tsuntsu ya ƙaurace. Sabon gida har tsohon kashin tsuntsu ake barbaɗa masa don baƙo ya ji kamar 'yan'uwansa sun riga shi. Sautin lasifika kuwa iri biyu ne, na waje mai kira, na ciki mai kwantar da hankali, kuma masu gidaje na ɓoye nasu kamar sirrin magani.

Na tambaye shi me ke hana shi barci. Ya lissafa da yatsu: mujiya, ɓera, kyankyaso, tsaka, tururuwa. Sannan ya nuna kwaɗunan ƙofa, ya ce wannan mai ƙafa biyun ya fi su duka. Ya ƙara da maƙwabta, don a cikin gari ƙarar lasifika da kashi na haddasa rigima, har hukuma ta ƙayyade lokutan kunnawa. A tsohon birnin George Town na Penang, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 2008, an ma kori sana'ar daga tsofaffin gidajen gaba ɗaya.

Da muka fito haske ya nuna min wani gini a gonar da ke maƙwabtaka da shi, ya fi nasa girma da kyau, lasifika na ta kururuwa. Ya ce shekara 6 ke nan, sheƙar da ke ciki ba ta cika kwando ba. Mai shi ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa. Na ce me ya yi ba daidai ba? Tauke ya ɗaga kafaɗa. Ya ce lokacin da shi ya fara, bayan karayar tattalin arzikin Asiya ta 1997 da ta bar benayen shaguna babu masu haya, gidaje kaɗan ne tsuntsu da yawa. Yanzu gidaje sun fi tsuntsu yawa, daji ya ragu, feshin magani a gonaki ya rage ƙwari. Shi kansa sai da ya shekara uku yana biyan kuɗin wuta kafin ya sayar da kilo na farko.

Da rana ya kai mu inda ake wankewa. Ɗaki ne fes kamar na tiyata, mata sanye da hula da takunkumi, galibinsu 'yan Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace samar da wannan kaya a duniya. Kowace da farin faranti da kwanon ruwa da matsefata, tana tsince gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya daga jiƙaƙƙiyar sheƙa. Na tsaya kan wata fiye da rabin awa ba ta gama guda ɗaya ba. In an gama a mayar da ita kan wani ɗan mazubi ta koma siffarta, a busar. Na ɗora guda a tafin hannuna, ba ta kai nauyin goro ba. Giram 8 aka auna, ke nan sai an tara wajen 125 kafin a yi kilo. Tauke ya ce wadda ba a wanke ba yana sayar da kilo tsakanin ringit 3,000 zuwa 5,000 gwargwadon fari da girma da ƙarancin gashi, wankakkiya kuma ta kusa ninka haka. Na yi saurin mayar da ita inda na ɗauko.

Ana cikin haka ya ba ni labarin shekarar da bai manta ba, 2011. Akwai wata irin sheƙa ja da Sinawa suka daɗe suna ɗauka jinin tsuntsu ne ya gauraya da yawu, suna saye da tsada fiye da fara. Ashe ba jini ba ne, tururin kashin tsuntsu ne ke rinar da ita, wasu 'yan damfara kuma suka koyi turara farar da kashi ta koma ja. Hukumomin Sin suka gwada suka samu sinadarin nitrait ya yi yawa, suka rufe ƙofa. Da yake kusan duk kayan can suke tafiya, farashi ya faɗi ƙasa da rabi, kuma sai da aka shafe fiye da shekara biyu kafin a sake buɗe wa Maleshiya hanya, da sharuɗɗa: rajistar kowane gida a hukumar kula da lafiyar dabbobi, da alamar da za a bi sawun kaya har gidan da suka fito. Ni da na ga yadda murar tsuntsaye ta 2006 ta durƙusar da masu kaji a Kano, na san irin wannan shirun da ke biyo bayan rufewar kasuwa. Sai dai mu in ƙwai ya yi kwantai, ko banza maƙwabta za su soya. Su kuwa mai saye ɗaya ne.

Da yamma matarsa ta aiko da 'yan kwanoni. Na dubi ƙanena. Ya ce, "Yaya, sha. Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa tun 2012 cewa halal ce in an wanke ta daga kashi, kuma na sa an dafa a sabuwar tukunya." An jiƙa ta, an turara a ruwa da farin sukari mai ƙanƙara da jan dabinon Sin. Na kai cokali baki ina jiran abin mamaki. Babu. Santsi kamar karkashi, ɗan ƙarni kamar farin ƙwai, sauran duk zaƙin sukari ne. Sinawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna shan ta don gyaran fata da ƙarfin huhu, suna ba masu ciki da tsofaffi da masu jinya, suna kai ta gaisuwar surukai. Abin da masu bincike suka tabbatar shi ne yawancinta furotin ne. Na lissafa kuɗin abin da ke cikin kwanon nan, na ga ya sayi kiret ɗin ƙwai da dama, kuma ƙwan ya fi ta daɗi nesa ba kusa ba. Ban faɗa ba, na shanye na yi godiya.

Don in rama alheri na sa ƙanena ya ɗauko ragowar daddawar Hajiya da ya taho da ita. Tauke, mutumin da ya wuni cikin warin kashi yana murmushi, ya shinshina sau ɗaya ya miƙo min abata da hannu biyu, idonsa na hawaye. Muka yi ta dariya har matarsa ta leƙo.

Sai a nan na fito da abin da ya kawo ni. Na ce ina da fili, ina da masu gini, tsattsewa kuma ga ta nan fululu a garinmu. In na gina irin wannan a Kano fa? Ya tambayi yadda iskarmu take. Na ba shi labarin hunturu, yadda leɓe ke tsagewa, yadda wanki ke bushewa kafin a gama shanya. Ya ce wannan na'ura za ta iya gyarawa a cikin ɗaki, in akwai wuta. Ƙanena ya yi tari. Sannan Tauke ya ce in nuna masa hoton sheƙar tamu. Aka nemo a waya. Ya faɗaɗa hoton da yatsu ya daɗe yana kallo: tarkacen gashi da ciyawa da aka liƙe da ɗan yawu. Ya ce wannan tsuntsu daban ne. Mai farar sheƙa a kudu maso gabashin Asiya take, ba a sa ta a keji, ba ta cin abin da aka zuba mata, balle a yi mata biza. Ya ce in ina so in sayi gida a nan, maƙwabcinsa na neman mai saye. Wancan mai shekara 6.

Mun dawo Kuala Lumpur ta babbar hanya, ana ta latsa kati a shingayen biyan kuɗi, ban ga komai ba don barci na yi. Kafin mu rabu na sayi wankakkiyar sheƙa guda biyu a ɗan akwati mai jan ƙyalle, ringit 130, tsarabar Hajiya.

Na kai mata ran da na sauka, bayan la'asar, tana kan tabarma tana tsince wake. Na buɗe akwatin, na yi bayani tun daga katako har matsefata. Ta saurara har na gama. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta saitin rana, ta juya ta.

"Yanzu kai, don Allah, ka tsallake teku ka dawo min da tofin tsuntsu?"

Na ce, "Hajiya, magani ne. Sarakunan Sin ke sha."

Ta ce Allah ya ba su lafiya. Ta mayar cikin akwatin, ta ce ƙyallen dai yana da kyau, ta sa jikarta ta kai saman kabad kusa da kwalaben turaren wuta. Sannan ta tambaye ni ko yaron ya samu daddawarsa, ta kuma ce yaron gona ya zo har sau biyu, wai abincin kaji saura buhu huɗu.